Takalmi a Bakin Ƙofa

Daminar bana ce ta cika shekara tara da rasuwar ɗana na fari. Masu karatu su yi mani uzuri, ba zan rubuta sunansa ba. Yana raye ban taɓa kiransa da shi ba, kamar yadda iyayenmu mata ba su kira nasu 'ya'yan farin ba, kuma bayan ransa bakina bai koya ba. A gida Yayansu muke ce mashi. A cikin Malumfashi kuwa, daga tasha har bakin kasuwa, da Mai Jita aka san shi. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa.

Sana'arsa gyaran rediyo ce, a wata 'yar rumfar kwano kusa da masu sayar da taki. Jita kuma tun yana saurayi ta shiga ransa. Malam, wato babansu, ya yi faɗa har ya gaji ya zuba ido. Idan kaka ta yi, aka sayar da masara da auduga, bukukuwa suka kankama, sai ka ga an zo da babur an ɗauke shi zuwa Kafur ko Danja ko Gozaki, jita rataye a baya, akwatinsa ɗaure da roba. Jitar ba ta da murya ita kaɗai, sai an jona ta da wannan akwatin mai lasifika a ciki, wanda suke ce wa amfilifaya. Ni akwati nake ce mashi har yau. A Funtuwa ya samo shi, a hannun wani dattijo da ya daɗe da barin kiɗa, kuma kowa ya gan shi ya san ya girmi mai shi. Baƙar fatar jikinsa duk ta ɗaɗɗaye, rubutun da ke kan maɓallan ya goge saura kaɗan.

A shekarar da zai rasu, akwatin ya kamu da ciwo biyu. Na farko wani ruri ne ƙasa-ƙasa, huuu, kamar injin niƙa a wata unguwa. Da an sa mashi wuta zai fara, ba ya tsayawa. Na biyu, muryarsa ta dushe. Ko an murɗa maɓallin har ƙarshe, sai ka ji kamar mai mura yana magana cikin bargo. Na ji yana ba ƙannensa labarin wani biki a Danja inda kalangu ɗaya tak ya danne shi, samari suna ta ihu, “Mai Jita, akwatin naka azumi yake yi ne? A ba shi kunu mana!” Yana faɗa yana dariya, amma na san abin ya ci mashi rai. A cikin hirar nan ce ya ce kwanan nan jitar ta koyi cizo, in ya taɓa tsirkiyar sai ya ji tsam a yatsa.

Ni da shi ba ma zaman hira. Abin da nake son ya ji, autana Nazifi nake faɗa wa da ɗan ƙarfi, shi ma ta nan yake mayar mani da amsa. Na ce, “Auta, abin nan da aka ce yana cizo bai kwanta mani ba.” Ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya ce, “Nazifi, ce mata ko cinnaka ya fi shi zafi.” Iyakar maganar da muka taɓa yi a kan akwatin ke nan.

Ranar da abin ya faru tun safe ake ruwa. Rumfarsa ta kasuwa tana yoyo, sai ya kwaso aikin ya kawo gida, kuma a lokacin ɗakina ne kaɗai mai siminti da soket. Na bar mashi ɗakin na koma wajen murhu ina tankaɗe. Ina jin rurin nan yana fitowa ta ƙofa, ya kashe, ya kunna, ya kashe. Da la'asar ta gabato ya fito ya yi alwala, ya ga ba a kira salla ba tukuna, sai ya juya. A kan idona ya tuɓe takalminsa na roba a bakin ƙofa, ya daidaita su gefe guda da ƙafa, yadda yake yi tun yana yaro. Jim kaɗan sai rurin ya ɗauke ɗif. Na ce a raina, alhamdu lillahi, ya gano ciwon. Na tsaya da rariya a hannu ina jiran in ji kiɗa.

Kiɗa bai zo ba. Aka kira salla, bai fito ba, shi da ba ya rasa sahun gaba. Na tashi na ɗaga labule. Yana kwance a ƙasa, jitar a ƙirjinsa, hannunsa damƙe da wuyanta, ɗan jan ƙwan akwatin yana ci. Na tafi zan rungumo shi, sai na ji an fizge ni ta baya. Malam ne, ya shigo ɗaukar buta. Shi ya rarumo taɓarya ya doke wayar daga bango. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Mutane sun yi magana, kamar yadda suka saba. Wasu suka ce akwatin da iska a cikinsa, ai dama kayan makaɗa ba a raba su da wannan. Wata 'yar'uwar Malam ta ce a jefa shi tsohuwar rijiya a binne. Da aka zo rabon gado, akwatin da jitar suka faɗa kason ɗiyarsa Ummi, wadda take a goye a lokacin. Malam ya ce dukiyar marainiya ba a jefar da ita, kuma shi ba zai sayar wa ɗan wani abin da ya kashe nasa ba. Uwar Ummi ta gama takaba, daga baya ta yi aure a Funtuwa, yarinyar ta dawo hannuna bayan yaye. Akwatin kuma ya zauna a ɗakina ƙarƙashin tebur, na lulluɓe shi da tsohon zane.

Shekara tara ina shara ina zagaye shi, ban bari ko bakin tsintsiya ya taɓa shi ba. Na san ba a jone yake ba. Na san abin da ba a jona ba ba ya yin komai, a ajin yaƙi da jahilci ma an taɓa yi mana bayanin wuta. Amma sani daban, abin da ƙirjina yake yi daban. In aka tayar da injin niƙa a nesa, sai in ji hannuna ya yi sanyi. In damina ta yi, simintin ɗakin ya fara danshi, sai in riƙa taka shi kamar mai tafiya a kan ƙaya.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da zai leƙo ya ga yadda abubuwa suka koma. Rumfarsa yanzu cajin wayar hannu ake yi a ciki. Rediyo in ta lalace jefarwa ake yi, ba mai kai ta asibiti, yadda yake cewa. Yara suna yawo da wata 'yar lasifika kamar gwangwanin madara, ba waya ba komai, ƙararta kuwa ta fi ta akwatin da yake sha wa wahala a kan babur. Mawaƙan yanzu an ce ba sa riƙe abin kiɗa, na'ura ce take yi masu. Ina jin da dariya zai fara, sannan ya nemi ɗaya ya kwance ya ga cikinta. Bukukuwan da yake zuwa ma sun canza. Yanzu kafin rana ta yi sanyi an watse, don akwai hanyoyin da ba a bi in yamma ta yi. Da yana nan, da kullum ina bakin zaure ina sauraren ƙarar babur ɗin da zai dawo da shi.

Nazifi da ya tasa, cikin duk sana'o'in duniya sai ya ce aikin wuta zai koya. Ya tafi Funtuwa ya koyi haɗa sola, yanzu shi ne yake hawa rufin mutane yana ɗora masu faranti. Shi ba kunya tsakanina da shi, don haka na zaunar da shi na yi mashi kuka sosai. Ya ce, “Inna, wuta ba ta da mugunta. Wanda bai san halinta ba take kayarwa, ni kuma so nake in san shi.” Ban hana shi ba. Amma tun daga ranar, in ya fita da safe ba na cin abincin kirki sai na ji sallamarsa.

Abin da ya tayar da maganar akwatin a bana shi ne Ummi. Makarantar Islamiyyarsu za ta yi walimar sauka, aka ba su ƙasida su koya, ita da ƙawayenta suka ga ya kamata a ji su har bakin titi. Na dawo daga barkar haihuwa na ɗaga labule, sai na ga zanen a ƙasa, an jawo akwatin jikin bango. Ummi tana tsugune gaban soket, bakin wayar nan biyu tsirara a hannunta, tsinken ashana a bakinta, za ta cusa ta danne yadda ta ga ana yi. Ƙafarta ba takalmi. Allah Ya taimaka, a ranar an ɗauke wuta tun hantsi.

Ban iya yi mata faɗa ba, na zauna a dokin ƙofa. Ta dube ni ta ce, “Tsohuwa, mene ne na rawar jiki? Ai kayan babana ne. Malam ya ce nawa ne.”

Da Nazifi ya ji, ya ce ko a cikin rumbu aka ɓoye shi yarinyar nan sai ta tono, gara a gyara shi ya daina zama abin kisa. Ya ce zai ɗauka ya kai shago. Na ce a'a. In dai sai an buɗe shi, a buɗe shi a gabana. Ba zan zauna a gida ina kallon ƙofa ina jiran wanda zai shigo da labari ba.

Ya zo da safe da jakar kayan aikinsa. Kafin ya taɓa komai ya miƙo mani bakin wayar wutar, ya ce in riƙe a hannuna don in tabbata ba a jone take ba. Na riƙe ta kamar wutsiyar maciji. Ya kwance murfin baya. Gidan zanzaro ne a ciki, da kashin ɓera, da ƙura kamar an zuba da hannu. Ya bi da tsohon burushin haƙori yana sharewa a hankali, sai ga wani faranti mai ɗauke da ƙananan abubuwa a jere kamar an shanya wake.

“Inna, ki tuna mani,” in ji shi. “In Yaya ya zare wayar jitar daga jikinsa, rurin yana tsayawa?”

Na ce ba ya tsayawa.

“In ya mayar da maɓallin murya ƙasa gaba ɗaya fa?”

Na rufe ido. Ban so komawa wannan ranar ba, amma kunnena bai manta komai ba. Na ce, “Yana nan yadda yake. Ko raguwa ba ya yi.”

Ya ce to ba daga jitar ba ne, ba kuma daga inda murya take shiga ba, daga inda wuta take shigowa ne. Ya nuna mani wasu abubuwa biyu kamar ƙananan gwangwanayen tumatir, kansu ya kumbura, gindinsu da wani farin abu kamar kanwa. Kafasita sunansu. Ya ce aikinsu tace wuta, yadda nake tace gasara, in sun bushe sai dusar ta wuce har lasifika, ita ce rurin da muke ji. Akwai kuma ƙannensu ƙanana a kan farantin, su ne suke miƙa murya daga wannan wuri zuwa wancan, su ma sun bushe, shi ya sa take isowa a gajiye. Maɓallan kuma datti ne ya cika su, shi ne ƙaras-ƙaras ɗin da ake ji in an murɗa, kamar ana suya.

Yana cikin bayani sai idonsa ya sauka kan wani abu. Ya kai yatsa kan wasu ɗigo-ɗigon dalma a gefen farantin, sun fi sauran haske. Ya ce, “Wannan hannun Yaya ne.” Ta gaba Yayansu ya faro, yana canza wasu ƙananan abubuwa da ake ce wa tiransista ɗaya bayan ɗaya yana neman inda muryar take maƙalewa, saura kaɗan ya iso ga gwangwanayen. Ko kuma ya gan su bai samu irinsu ba, don a lokacin sai an yi saƙo Kano. Muka zauna muna kallon ɗigon dalmar nan har kaza ta shigo ta fita.

Sai daga baya ya juya akwatin ya duba ramin da wayar wuta take shiga. Robar da ke bakin ramin ta rududduge, kaifin ƙarfen ya yanke rigar wayar, wasu siraran gashin jan ƙarfe suna kwance a jikin akwatin. Ya ce ta nan wuta take shiga jikin akwatin, wayar jita kuma ta kwashe ta kai har tsirkiya. Asalin filoginsa ƙafa uku ne da shi, ta ukun ita ce take kwashe irin wannan wutar ta zubar a ƙasa, amma an daɗe da yanke filogin gaba ɗaya, tun kafin ya zo hannunmu ma wataƙila. A rumfar kasuwa Yayansu a kan katako yake tsayawa, da takalmi a ƙafa, shi ya sa cizon cinnaka kawai yake ji. “Ƙasa take nema, Inna. In ba a ba ta hanya ba, sai ta bi ta jikin mutum. Jiƙaƙƙiyar ƙafa a kan siminti mai danshi kuwa, ba hanyar da ta fi wannan.”

Na waiwaya bakin ƙofa. Takalmin Auta na nan a ajiye, an daidaita su gefe guda. Na ce, “Da yana sanye da nasa fa?”

Ya fara mayar da kayan aikinsa cikin jaka. Sannan ya ce, “Kwana ne ya ƙare, Inna.” Ya ci gaba da tattara kayansa, ba ya kallona. “Amma ranar da zan sa mashi wuta, da takalmi zan shigo ɗakinki. Ki yafe mani tun yanzu.” Na ce na yafe.

Ba wanda ya ce wa Yayansu ya tuɓe takalmi a ranar. Ɗan da aka haifa a gidan mutunci ba ya shiga ɗakin uwarsa da takalmi, ba ya taka inda take salla da abin da ya tako titi. Mu muka koya masu tun suna koyon tafiya, haka aka koya mana, kuma ban ga laifin koyarwar ba har gobe. Sai dai waɗanda suka fara koyar da ita ba su da soket a bango.

Bayan 'yan kwanaki ya dawo daga Funtuwa da sababbin kaya a leda. Ya wuni yana cire busassun yana sa sababbi. Warin dalmar da yake narkawa ya cika ɗakin, warin da rabona da shi tun waccan ranar, na fita na sha iska na dawo ya fi a ƙirga. Ya fesa wani ruwa cikin maɓallan yana murɗa su gaba da baya. Ya sa sabuwar waya mai filogi ƙafa uku, da sabuwar roba a bakin ramin. Duk wannan ba wuta a gari, a garwashi yake ɗora ƙarfen narka dalmar. Aka kira la'asar, ya bi Malam masallaci. Suna fita hadari ya haɗo, ruwa ya sauko, na fita da gudu kwashe masarar da na shanya.

Ina cikin kwasa na ji yaran maƙwabta suna ihun an kawo wuta. Sai ga Nazifi ya faɗo gidan a guje, jiƙe sharkaf, yana cewa, “Inna, bari mu ji shi kafin su ɗauke!” Ya wuce ni ya shige ɗaki. Kafin in ajiye buhun in biyo shi, ya riga ya jona.

Abin da na fara gani takalminsa ne a bakin ƙofa, cike da taɓo. Na ɗaga labule. Ɗan jan ƙwan yana ci, ɗakin kuma tsit, ba ruri ba komai. Wannan shirun na san shi. Yana tsaye a kan simintin, ruwa yana ɗiga daga ƙafar wandonsa ya taru a ƙarƙashin sawunsa, fuskarsa cike da murna yana cewa, “Kin ji? Shiru kamar masallaci!” Ya riga ya jona jitar tana kan gado, ya miƙa hannu zai ɗauka.

Ni ba mai ɗaga murya ba ce, 'ya'yana shaida ne. Ban san ina da wadda ta fito a ranar ba. “Nazifi! Kada ka taɓa!”

Ya tsaya da hannu a sama. Ya dube ni, ya bi idona har ƙafarsa. Na ga lokacin da murnar ta bar fuskarsa. Na sunkuya na ɗauki takalmin da taɓonsa da komai, na shiga na ajiye a gabansa. Ya ja da baya yana cewa, “Inna, don Allah ki bari, ke ce za ki ɗaukar mani takalmi? Kada ki ja mani abin da ya fi ƙarfina.” Na ce ya kashe abin nan a bango, ya goge ƙafa da zanen gadona, ya sa. Yana cikin sawa Malam ya shigo, don ihuna ya kai har zaure. Ya ga ɗansa zaune a bakin gadon uwarsa yana cusa ƙafa a takalmi mai taɓo. Ya ce, “Wane irin rashin ta-ido ne wannan?”

Na ce, “Ni na sa shi, Malam.”

Tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa tare maganarsa a gaban yara ba. Ya dube ni, ya dubi akwatin, ya dubi jiƙaƙƙen simintin. Sannan ya ce wa Nazifi, “To ɗaure igiyar da kyau.” Ya jawo kujera ya zauna a bakin ƙofa.

Da ya sa takalmin ne ya yi abin da ya kamata ya fara yi. Ya ɗauko mitarsa ta auna wuta, ya kunna akwatin, ya ɗora baki ɗaya a kan tsirkiyar jitar, ɗayan a kan danshin ƙasa, hannunsa na hagu a cikin aljihu. Lambobi suka hau. Ban san ma'anarsu ba, amma ya ce har yanzu akwai wuta a jikin tsirkiyar. Ya kashe, ya zare, ya sake buɗe bayan. Can cikin lungu ya gano wani ɗan abu kamar ƙwallon dabino, ya ce masu ƙira na da ne suke haɗa shi tsakanin wayar wuta da jikin akwati don rage ƙara, in ya tsufa sai ya riƙa yoyon wuta. Bai lura da shi ba a karon farko. Ya kwance soket ɗin bangona kuma, sai ga ramin na uku fayau, ba wata waya da ta tashi daga gare shi. Waya biyu kawai aka ja mana tun farko. Ƙafa ta ukun da ya sa, a iska take.

Na tambaye shi ko wutar da mita ta nuna ta isa kisa. Ya ce bai sani ba, kuma ba ya son ya sani. “Ni ne nake yi wa mutane wa'azin a auna kafin a taɓa,” in ji shi. “Wallahi Inna, ban san lokacin da na tuɓe ba. Ƙafar ce ta yi da kanta.”

Ya datse ɗan abin nan ya jefar. Washegari ya zo da dogon rodi na ƙarfe, ya haƙa rami a bayan ɗakina, ya kafa shi ya buga har ya kusa nutsewa. Ya ce in ba shi gawayi da gishiri a zuba a gindinsa, suna taimaka wa ƙasa ta karɓi wuta. Na juye mashi duk gishirin da ke gidan. Ranar miyar kuka lami muka sha, Malam ya ce ashe rodi ya fi shi daraja a gidan nan, amma ya cinye tuwonsa. Aka ja koriyar waya daga rodin, ta huda bango ta shiga ramin na uku. Ya sake aunawa, mita ba ta motsa ba. Ya auna a jikin akwatin, ya auna a tsirkiya, ya kira ni na gani da idona.

Sannan ya ɗauki jitar, da takalmi a ƙafarsa, ya ja yatsa a kan tsirkiyoyin. Ƙarar da ta fito sai da kwanukan jerena suka amsa, kaji suka watse a tsakar gida. Tas take, ba ruri a ƙarƙashinta. Ni dai bango na dafa ina kallon hannunsa, ina jira in ga ya sake ta, sai da ya ajiye na yi numfashi. Ummi ta leƙo ta ce, “Haka babana yake yi?” Malam ya ce, “Babanki kiɗa yake yi. Wannan korar kaji ce.” Shi ne karon farko da na ji ya yabi kiɗan.

Ba zan ce tsoro ya bar ni ba. An yi walimar su Ummi da akwatin, Nazifi ya je da kansa ya haɗa, an ce an ji su har bakin titi, ni kuwa ban iya zuwa ba. Har yanzu yana hawa rufin mutane, har yanzu ba na cin abincin kirki sai ya dawo. Abin da ya sa na rubuto shi ne iyaye mata irina, waɗanda 'ya'yansu suke gyaran rediyo ko fanka ko dutsen guga a cikin ɗaki. In za su taɓa abin wuta, ku ce su shigo da takalminsu. Da bakinku za ku faɗa, kuma ku tsaya ku gani, don ɗan kirki ba zai yi da kansa ba, ko ya yi niyya.

In na auna abin da ya rage na Yayansu, ba shi da yawa a ido. Ba mu da kaset ɗin kiɗansa ko ɗaya. Akwai ɗiyarsa, mai taurin kai da son a ji ta. Akwai ɗigon dalmarsa, da Nazifi ya ce bai taɓa ko ɗaya ba don duk daidai suke. Akwai ladabinsa, wanda har yau in tsofaffin unguwa suka zo gaishe ni shi suke fara ambata.

Nazifi ya ce wurin rodin yana son danshi, in rani ya yi ƙasa ta bushe aikinsa yana raguwa, a riƙa ba shi ruwa. Na ce ya bar mani wannan. Mu mata ba ma zuwa maƙabarta, ban san ta wane gefe aka kwantar da ɗana ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Amma kullum da safe ina cika buta in zagaya bayan ɗaki, in tsuguna in zuba a hankali har ƙasa ta sha. A nan nake yi mashi addu'a. Wanda ya karanta wannan, ya taya ni da tasa.